SUNA LINZAMI NE: KALMOMIN INGILISHI DA SUKA SAUKA A RUWAN GODIYA

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu cikin masu ilmin zamani na ƙasar nan, mu kuwa ba mu ga dalilin da za mu yi shiru a kanta ba, tun da ya ke ku 'yan makaranta ku ne za ku gaje ta in ba a tsawata ba. Ɗabi'ar ita ce, mutum ya tsinci kalmar Ingilishi a jarida ko a rediyo, bai tambayi asalinta ba, bai san yadda masu ita su ke amfani da ita ba, sai ya ɗora ta bisa wani al'amari na garinsu wanda ya ke da sunansa tun kaka da kakanni. In a kan tufafi ne ko wasan ƙwallo, da sauƙi, abin dariya ne kurum. Amma kalmomin da mu ke nufi yau, a kan jini da dukiya da 'ya'yan mutane a ke ɗora su. Saboda haka muka zaɓo waɗansu daga cikin waɗanda ke yawo a bakin mutane a ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, cikin Jihar Katsina, don mu kwance su ɗaya ɗaya a gabanku, ku ga abin da ke ƙunshe cikin kowace.

Kada fa wani ya zaci aron kalma mu ke ƙi. Hausa ta daɗe tana aro, ba ta kuwa ji kunya ba. Sa'ad da Turawa suka zo, sun zo da abubuwan da ba mu da su, sai muka karɓi abin duk da sunansa, muka lanƙwasa sunan ya dace da harshenmu. Daga "hospital" muka sami asibiti, daga "doctor" likita, daga "bucket" bokiti, daga "copper" kwabo. Haruffa biyu na "N.A." suka zama En'e, "Resident" ya zama Razdan. Wannan aro halal ne, gama kaya ne sabo ya zo da sunansa, kowa kuwa ya san abin da a ke nufi. Aron da mu ke kuka da shi dabam ne. Shi ne a ɗauko baƙuwar kalma a lulluɓe tsohon abu da ita, har mai ji ya kasa gane girman abin da a ke faɗa masa.

Ku dubi sunan garin Ruwan Godiya, na ƙasar Faskari. In mai rubutu ya bar harafin "d" a miƙe, abin da ya rubuta shi ne godiyar da a ke yi wa wanda ya yi alheri. In ya lanƙwasa masa kai, ya zama goɗiya, watau macen doki. To, in 'yar ƙugiya guda tana raba yabo da dabba cikin harshen da muka sha a nono, ina ga kalma sukutum ta harshen da muka koya da bulala?

Mu fara da wadda ta fi kowace yawo, watau "bandit". Asalinta daga harshen Italiya ta ke, "bandito", ma'anarta wanda hukuma ta yi shela ta kore shi daga gari. Ta shiga Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 16. A wurin Turawa kalmar ba ta da nauyi ƙwarai. Cikin tatsuniyoyinsu akan nuna irin wannan mutum a bisa doki cikin duwatsu, yana tare attajirai, wani lokaci har ana yabonsa. Wani masanin tarihi na Ingila, Eric Hobsbawm, ya wallafa littafi a 1969 mai suna Bandits, inda ya yi bayanin irin 'yan fashin da talakawan ƙauye kan ɗauka jarumai ne. Kai, har na'urar caca mai hannu guda sukan kira ta "one-armed bandit" don raha. To, jama'a, wannan ce kalmar da za a sa wa mutanen da suka shiga Kadisau, cikin ƙasar Faskari, ran 9 ga Yuni 2020, suka kashe gommai? Baturen da ya karanta "bandits" a jarida, ɓarayin hanya zai hango a ransa. Ba zai hango rumbu yana cin wuta ba, ba zai hango gonar da aka hana mai ita nomawa sai ya biya ba. Hausa kuwa ba ta rasa suna ba. Wanda ya saci shanu ɓarawon shanu ne, wanda ya tare hanya ɗan fashi ne, wanda ya kashe rai mai kisankai ne. Kowane laifi da sunansa, kowane suna da nauyinsa. Kalmar aro ta tattara su duka cikin buhu guda ta ɗaure baki.

In kuna tsammanin wannan gardamar malamai ce kawai, ku saurari abin da ya faru da kalma ta biyu, "terrorist". Tushenta kalmar Latin ce mai nufin firgita. A Faransa aka fara kiran mutane da ita, a zamanin juyin mulkinsu, shekarun 1793 da 1794, sa'ad da masu mulki da kansu su ke sare kawuna don tsorata jama'a. Yau ma'anarta wanda ke kisa ko ɓarna don ya jefa tsoro cikin zukatan al'umma, da Hausa ɗan ta'adda. Shekaru aka yi ana jayayya a Nijeriya ko waɗannan mutane na daji "bandits" ne ko "terrorists", domin a shari'a hukuncin wannan dabam, na wancan dabam. Sai a watan Nuwamba 2021, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Taiwo Taiwo, ta yanke cewa ayyukansu ta'addanci ne, aka kuma bayyana takardar Gwamnati mai tabbatar da haka a Janairu 2022. Ga abin mamaki. Da aka zo rubuta sunayen ƙungiyoyin da aka haramta cikin takardar nan ta Ingilishi, sai aka rubuta "Yan Bindiga" da "Yan Ta'adda". Kowane yaro a Sabuwa ya san waɗannan kalmomi ne na yau da kullum, kamar ka ce mahauta ko maƙera. Ashe ran da shari'a ta so ta kama abin da hannu, Hausa ta komo ta roƙa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ta uku "kidnap". Wannan ku ta fi shafa, domin kalmomi biyu aka haɗa: "kid", watau yaro, da "nap", tsohuwar kalmar 'yan iskan gari mai nufin fizge. Wajen 1680 ta bayyana a Ingila, ana kiran masu satar yara da ita, waɗanda ke sayar da su a kai su aikin gonaki a Amurka. Daga baya ta faɗaɗa ta haɗa da manya. A nan kam kalmar ta koma asalinta sak, gama a daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara aka kora yara sama da 300 cikin daji, sai ran 17 ga watan aka sami 344 suka komo. Mu kuwa mukan ce satar mutane, ko garkuwa da mutane. Ku lura da kyan wannan ta biyun. Garkuwa ita ce abin da mayaƙi kan tare kibiya da shi. Mai garkuwa da mutum ya mai da ɗan Adam fatar da zai fake a bayanta ke nan. Wace kalmar Ingilishi ce ta tona asirin laifin nan kamar haka?

Labarin komowar yaran nan ya kawo mu ga tagwayen kalmomi waɗanda jaridun Ingilishi suka yi ta musanyawa a makon da suka komo kamar abu guda ne, "rescue" da "release". Ta farko ceto ce, watau wani ya je ya fid da kai daga hannun wanda ya riƙe ka. Ta biyu saki ce, watau wanda ya riƙe ka shi ya buɗe hannunsa. Cikin ta farko yabo na mai ceto ne. Cikin ta biyu akwai tambaya a kwance: me ya sa ya buɗe hannun? Ɗan makarantar da bai rarrabe su ba, kowa ya ga dama sai ya karanta masa labarin yadda ya ke so. Duk sa'ad da kuka ga ɗaya daga cikinsu a jarida, ku tsaya ku tambayi kanku wa ya yi aikin da ke cikin jimlar.

Sai "ransom". Ta biyo ta harshen Faransa ne daga wata kalmar Latin mai nufin sake sayen abu, tushensu ɗaya da "redemption" wadda 'yan makarantun mishan suka sani cikin littattafansu. Hausa ta ce fansa. A nan harsunan biyu sun yi daidai, ba mu da ƙorafi, sai dai mu ce tun da ga tamu, ita ta fi cancanta a bakinmu. Manomin da ya sayar da gonarsa da shanun hudarsa don ya karɓo matarsa, in ka ce masa ya biya "ransom" ka yi masa magana ta bayan katanga. In ka ce ya fanshi matarsa, kowa ya ji zafin cewa an mai da 'ya mace haja.

Yanzu ga wadda ta fi kowace bukatar hankali, "amnesty". Daga harshen Girka ta ke, ma'anarta ta asali mantuwa. A birnin Atina, shekara 403 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan yaƙin basasa, mutanen gari suka yi rantsuwa ba za a ƙara tuna laifofin da suka wuce ba. Amma ko su ba su yi mantuwar ido rufe ba, sai da suka ware shugabannin zalunci, sai in sun tsaya an bi musu kadin abin da suka aikata, suka kuma bar ƙofar shari'a a buɗe bisa wanda ya kashe rai da hannunsa. A Jihar Katsina, Gwamna Aminu Bello Masari ya yi shirin afuwa a 2016, ya sake zaman sulhu da mutanen daji a 2019, sa'an nan a 2020 ya bayyana cewa ya janye domin ba su cika alkawari ba. A 2025 an sake zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari. Ko sulhu ya dace ko bai dace ba, wannan shawara ce ta manya da mutanen da abin ya ci, ba kuwa ita ce maganarmu ta yau ba. Maganarmu ita ce a san abin da a ke sa wa hannu. Hausa tana da kalmomi uku a inda mai fassara kan yi gaggawa ya ba da guda. Sulhu shi ne a ajiye makami a daidaita. Afuwa ita ce mai iko ya ɗage hukunci. Yafewa kuwa ta wanda aka zalunta ce shi kaɗai, ba mai yi a madadinsa. Hukuma tana iya yin afuwa, amma ba ta da ikon yafe jinin mijin wata gwauruwa a Ruwan Godiya, balle ta umurce ta ta manta.

Ƙanwar wannan kalma ita ce "repentant", da a ke liƙa wa wanda ya miƙa bindiga, a fassara da tubabbe. Ingilishi da Hausa duk sun yarda cewa tuba aikin zuciya ne. Ko yaron makarantar allo ya san sharuɗɗanta: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar wa mai hakki hakkinsa. Abin da ido ya gani ranar taro shi ne mutum ya ajiye makami. To, a rubuta haka nan, "wanda ya ajiye makami". In shekara ta juyo, shanun mutane sun koma garkensu, hanyar kasuwa ta buɗe, mata suna zuwa itace ba fargaba, sa'an nan a kira shi tubabbe, mu ma mu taya murna.

Akwai kuma kalmomi biyu da suka juya baya da suka iso ƙasarmu. A Ingila "informer" ko "informant" shi ne wanda ke tsegunta wa 'yan sanda asirin masu laifi. A nan, in ka ji an ce wane infoma ne, ana nufin yana tsegunta wa masu laifi asirin mutanen gari, wa ya sayar da masara, wa ɗansa ya aiko da kuɗi daga Kano. Da ɗan gari akan ci gari. Ku yi hattara da kalmar nan ƙwarai, gama zargi da ita kaɗai ya isa ya jawo wa mutum halaka tun ba a kai gaban alkali ba, mai gaba da maƙwabcinsa kuwa ba ya rasa bakin furta ta. Ta biyun "vigilante", daga harshen Sifen, asalinta mai tsaro. A Ingilishin Ingila da Amurka zargi ce, ana nufin wanda ya ɗauki doka a hannunsa ba da izini ba. A Nijeriya kuwa ta zama sunan aiki, har ana ɗinka mata riga. Mu muna da 'yan sintiri, muna da 'yan sa-kai, muna da 'yan banga, wadda ita ma tsohon aro ce daga "vanguard" tun zamanin siyasar farko. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma ta Jiha, aka sa mata "Community Watch Corps". Ɗan makarantar da zai rubuta wa baƙo labarin garinsu, wajibi ne ya san wace zai ɗauka, don kada ya yabi mutum da kalmar zagi, ko ya wanke mai laifi da kalmar yabo. Haka kuma "herdsman" makiyayi ce kawai, sunan sana'a. Wanda ya mai da ita sunan laifi ya zalunci dubban bayin Allah waɗanda su ma shanunsu aka kora.

Ga kuma haruffa uku, "IDP". Cikakkiyarta na nufin mutanen da aka raba da gidajensu amma ba su ƙetare iyakar ƙasarsu ba. Wanda ya ƙetare shi ne "refugee", yana da yarjejeniyar duniya ta 1951 mai kare shi. Saboda haka mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato da suka tsere zuwa yankin Maraɗi tun daga 2019 suna da suna guda a takarda, 'yan'uwansu da suka tsaya Funtuwa ko Faskari suna da wani, ko da ya ke wuta guda ta kore su. Wannan bambanci yana da amfani ga ma'aikata, ku san shi. Amma haruffa ba su da fuska. Tsohuwar da ta bar ɗakinta na shekara arba'in tana kwana a ajin makaranta, 'yar gudun hijira ce, kalmar hijira kuwa kowa ya san nauyinta a kunnen mutanen ƙasar nan.

Ta ƙarshe ita ce "palliative", wadda ta cika gari a 2020 lokacin annobar korona, ta sake dawowa a 2023 da aka janye tallafin man fetur. A nan kam Ingilishi bai ɓoye kome ba, masu ji ne ba su bincika ba. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin mayafi. Likitoci na kiran magani da ita in yana rage zafi amma ba ya warkar da cuta. Wanda ya fassara ta da "rage raɗaɗi" ya yi daidai. Mudun shinkafa ga wanda aka hana noma gonarsa mayafi ne aka yafa wa miki. A karɓa a yi godiya, amma kada a manta mikin yana nan.

Mun san abin da masu gardama za su ce. Na farko zai ce, "Bindiga ke kisa, suna ba ya kisa. Ku bar mu da nahawu." Amsarmu ita ce, Hausawa da suka ce suna linzami ne sun san abin da su ke faɗi. Da suna alkali ke yanke hukunci, da suna Gwamnati ke ware kuɗi, da suna mutumin Ikko ko na London ke auna ko abin ya kai a damu. Da suna ba ya kome, da ba a kai shi gaban kotu a Abuja ba. Na biyu zai ce, "Ingilishi ne harshen ofis da jarrabawa, kuna so yara su faɗi?" Ko kusa. Mu cewa mu ke ku san shi fiye da yadda kuka san shi yanzu. Wanda ya iya furta kalma bai san cikinta ba kamar aku ya ke, duk abin da aka faɗa kusa da kejinsa shi zai maimaita. Bature G. P. Bargery ya yi shekaru yana bin garuruwa yana tambayar tsofaffi kafin ya fid da ƙamus ɗinsa na Hausa a 1934. In baƙo ya yi wa harshenmu wannan wahala, mene ne uzurin ɗan makarantar da ƙamus ɗin Ingilishi ke cikin aljihunsa, a wayar hannu, ya kasa buɗewa?

To, ga abin da mu ke roƙonku. Ku ne masu karanta wa iyayenku takarda, ku ne masu fassara musu abin da aka faɗa a rediyo, gobe kuma ku ne malamai da alkalai da masu rubuta jarida. Duk kalmar Ingilishi da ta zo muku a kan al'amarin garinku, ku yi mata tambaya uku kafin ku ba ta masauki. Daga ina ta fito? Yaya masu ita su ke amfani da ita yau? Wace kalma ce kakarku za ta kira wannan abu da ita? In amsa ta uku ta fi ta biyu nauyi, ku san an rage wa abin mudu, ku faɗe shi da Hausa. In kuwa da Ingilishi aka ce ku rubuta, ku nemi kalmar da ta kai nauyin ta Hausar, ko da za ku yi jimla guda a inda wani ya yi kalma guda. Ku sami ɗan littafi, ku raba kowane shafi gida uku bisa tambayoyin nan, ku riƙa cika shi kalma ɗaya kowane mako, ku kai wa malaminku ya duba.

Allah ya zaunar da Ruwan Godiya da maƙwabtanta lafiya, ya mai da kowa gonarsa, ya ba ku ilmi mai amfani. Amin.